Tambayi Ƙasa Kafin Ka Aza Mata Kaya

Ɗana, da ke 'yata, ku da kuka shigo harkar gini a 'yan shekarun nan, ko birkila, ko injiniya sabon fitowa daga makaranta, ko kuwa wanda Allah ya hore wa ɗan fili yana tara bulo kaɗan-kaɗan, ku ba ni aron hankalinku. Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a wuraren aiki, kuma duk sa'ad da na ji ta a bakin matashi sai hankalina ya tashi. Maganar ita ce: "Ai haka ake yi a unguwar nan." A tona ƙafa uku, a zuba kankare inci shida, a jera bulo inci tara, an gama fandisho. Shago ne haka, bene ne haka, a kan tudu haka, a bakin fadama ma haka. Na san ba ganganci ke sa ku faɗin wannan ba. Abin da kuka tarar ana yi ke nan, kuma gine-gine da yawa da aka yi wa hakan suna nan tsaye. Sai dai ba awon ne ya tsayar da su ba. Dace aka yi: ƙasar wurin mai ƙarfi ce, kayan da aka aza mata kuma bai fi ƙarfinta ba. Ranar da ɗayan biyun nan ya sauya, awon da aka haddace ba zai ceci kowa ba.

Mu fara da nauyi, domin shi ido ya fi rainawa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma duk abin da ka ɗora a gini, ko a hawa na nawa yake, sai ya biyo hanya ya sauko. Dekin yana kan bim, bim yana kan fila, fila tana kan fandisho, fandisho kuma ƙasa yake miƙa wa. Ka saba wa kanka, duk ginin da ka shiga, ka bi wannan hanya da ido daga rufi har ƙasa, kana tambayar wa ke ɗauke da wa. Kankare mai rodi, idan tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk mita ɗaya ne, nauyinsa yana kai kilo 2,400. Ke nan dekin mai kaurin inci shida, kowace murabba'in mita tana da kilo 360, tun ba a sa tayil ba, ba a ja bango a kai ba, ba wanda ya taka. Ɗaki mai mita huɗu da huɗu, dekin ɗinsa kaɗai ya doshi tan shida.

Wannan shi ne nauyin da ba ya motsi, kuma lissafinsa ba wuya. Wanda ke ba da wahala shi ne na mutane da kayansu, saboda shi mai gida ke juya shi yadda ya ga dama. A gidan zama, masu lissafi kan ware kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita saboda jama'a da gado da kujeru. To, sai kaka ta yi, hatsi ya yi araha, mai gida ya mai da ɗakin sama sito. Buhun masara mai kilo 100 a kwance ba ya cin fiye da rabin murabba'in mita. A jera goma, ɗaya kan ɗaya, tan guda ke nan a wannan ɗan wuri, wato wajen ninki goma na abin da aka tanada. Haka tankin ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka tankin lita 5,000 da yara biyu ke mirginawa idan ba komai a ciki, tan biyar ne ranar da ya cika. Na sha ganin an ɗora irinsa a kan banɗaki ko saman matakala, inda ba fila ko ɗaya a ƙarƙashi.

Shi ya sa nake so ka zauna da mai gida tun kafin a sa diga a ƙasa. Ka ce masa, "Alhaji, nan gaba akwai niyyar ɗora bene? Ina za a sa tanki? Sama ɗin nan ɗakunan kwana ne, ko makaranta, ko wurin ajiya?" Wani zai ce maka sai abin da Allah ya yi. Gaskiya ne, amma ka lallaɓa shi ya faɗi abin da ke ransa, domin tun ran gini tun ran zane. In akwai niyyar, a yi fandishon bene yau, ko da benen sai bayan shekara goma. In babu, a rubuta a takardar ginin cewa na hawa ɗaya ne, saboda magada. Idan kuma aka kira ka ƙara hawa a kan tsohon gida, kada ka yarda da "ai an yi masa fandisho mai ƙarfi". Ka sa a tona gefensa a wuri biyu ko uku, ka ga faɗinsa da kaurinsa da ƙasar da yake kai da idonka.

Maginan da suka gabace mu ba su da na'urar lissafi, amma sun fahimci wannan sarai. Dubi abin da ya rage na ganuwar Kano, gindi faffaɗa, sama siriri. Dubi hasumiyar babban masallacin Agadas, mita 27 ta ginin ƙasa, tana tsukewa yayin da take hawa. Sun rage kaya a sama, sun baza shi a ƙasa. Mu kuwa yau siminti da rodi sun ba mu ikon tattara nauyin ɗakuna da yawa mu zuba shi cikin fila mai inci tara. Fila za ta iya, ƙasa ce ba za ta iya karɓarsa a ɗan wannan wuri ba. Ka lura da jaki da raƙumi a cikin rairayi: raƙumi ya fi nauyi nesa ba kusa ba, amma kofaton jaki ne ke nutsewa, domin tafin raƙumi bajewa yake yi in ya taka. Aikin fandisho ke nan, ya baza kaya har ya zo daidai da abin da ƙasa za ta jure.

Ga yadda lissafin yake. A ce fila tana ɗauke da tan 40. Idan ƙasar wurin tana iya ɗaukar tan 20 a kowace murabba'in mita, tafin filar zai zama murabba'in mita biyu, wato wajen mita 1.4 kowane gefe. Idan ƙasa ce mai taushi da ba ta wuce tan biyar ba, sai an yi murabba'in mita takwas, kusan mita uku kowane gefe. Fila ɗaya, kaya ɗaya, amma girman ya ninka huɗu saboda ƙasa kawai. Kuma su kansu filolin ba kaya ɗaya suke ɗauka ba. Ta tsakiyar gini tana karɓar dekin daga ɓangare huɗu, ta kusurwa daga ɓangare ɗaya. Wanda ya yi musu tafi iri ɗaya, ko dai ya yi asarar siminti a kusurwa, ko ya cuci ta tsakiya, kuma na biyun ne ya fi yawa.

Yanzu ita ƙasar. Kama da wane ba ta wane. Fili biyu na iya haɗa katanga, ɗaya a kan marmara, ɗaya a kan tsohuwar hanyar ruwa. Marmara da burji da jar ƙasa mai tauri abin so ne. Yashin jigawa ba laifi gare shi in a matse yake, in kuwa sako-sako ne yana zama da zarar ya ji nauyi. Baƙar ƙasar sama mai saiwoyi da taki ta manomi ce, ba ta magini ba, kwashe ta ake yi gaba ɗaya. Tsohon suri ma a bi shi har ƙarshe, don gara takan bar kogo a ƙarƙashi. Wadda ta fi yaudara ita ce laka. Yawancinmu da rani muke tona fandisho. A watan Maris laka takan bushe har diga ta riƙa tsalle a kanta, lebura ya share gumi ya ce, "Oga, mun kai ƙasa mai ƙarfi." Ka dawo wurin a watan Agusta, da ɗan yatsa za ka huda ta. Gini ba da rani kaɗai zai zauna ba, don haka ƙasar da za ka yi wa lissafi ita ce ta tsakiyar damina. Ko yashi mai kyau, idan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso ya kai gindin fandisho, ƙarfinsa kan ragu da wajen rabi.

Wani abin da matasa kan manta shi ne, nauyi ba a fatar ƙasa yake tsayawa ba. Yana ratsawa ƙasa har zurfin da ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na faɗin fandishon. Tafi mai mita biyu yana matsa ƙasar da ke mita uku zuwa huɗu a ƙarƙashinsa, babban gini kuwa ya fi haka nisa sosai. A shekarar 1913, a Transcona kusa da birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, an gina wani katafaren rumbun hatsi na kankare. An gwada ƙasar da aka tarar a gindin ramin, ta nuna ƙarfi. Abin da ba a yi la'akari da shi ba, can ƙasa da ita akwai wata laka mai taushi. A watan Oktoba, da aka kusa cika rumbun da alkama, sai ya fara nutsewa ta gefe guda, cikin yini ɗaya ya kwanta da kusan digiri 27. Abin lura, rumbun bai farfashe ba, har daga baya aka ɗaga shi aka ci gaba da amfani da shi. Kankarensa lafiya lau, rodinsa lafiya lau. Ka tuna da wannan duk ranar da wani ya ce maka, "Mu ƙara siminti kawai, ba abin da zai faru."

Kowane gini yana zama, wannan ba abin tsoro ba ne. A kan yashi zaman kan ƙare kusan tare da aikin. A kan laka mai ruwa kuwa shekaru yake ɗauka, saboda nauyin yana matse ruwan da ke cikinta ne sannu a hankali. Karl Terzaghi, wanda littafinsa na 1925 ya kafa ilimin ƙasar gini na zamani, shi ya fayyace wannan. Saboda haka kada ka ce gida ya shekara biyu bai tsage ba, ya tsira. Abin da ke fasa bango shi ne wani gefe ya fi wani zama. Hasumiyar Pisa ta Italiya ita ce shaidar da duniya ta sani. An fara ta a 1173 a kan fandisho mai zurfin mita uku kacal, ƙasar kudancinta ta fi taushi, kuma tun ana hawa na uku ta fara karkata. Yaƙe-yaƙe sun tsayar da aikin kusan shekara ɗari, masana kuma sun ce wannan jinkirin ne ya ba lakar damar matsewa, da ba haka ba da tuni ta faɗi. Duk da haka sai da aka rufe ta a 1990, injiniyoyi suka riƙa zaro ƙasa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin arewacinta har ta ɗan miƙe, sannan aka buɗe a 2001. Kuskuren da aka yi a mita uku na farko, shekara 800 ana fama da shi.

Ku da ke aiki a gabas ina da magana ta musamman da ku. Baƙar lakar nan ta yankin Tafkin Cadi, wajen Dikwa da Marte da Ngala, wadda ake kira firgi, da irinta a kwarin Binuwai wajen Numan, da ta Jazira a Sudan, halinta daban ne. Da rani tana tsukewa ta dare har hannu ya shiga, da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga abin da ke kanta. A irin wannan ƙasa ƙaramin gida da katanga da daɓen tsakar gida sun fi babban bene shan wahala, don ba su da nauyin da zai danne ta. Ƙara kaurin bango ba ya magani. Ko dai a tona a wuce inda rani da damina ke juya ta, ko a kwashe ta a cike da burji ana dannewa, ko a yi fandisho guda mai bim da zai motsa gaba ɗaya ba tare da ya karye ba. Sannan a yi wa ginin daɓe kewaye, ruwa kada ya kwanta masa a gindi.

To, ta yaya za ka san ƙasar da ka samu? Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Matambayi ba ya ɓata: nemi dattawan unguwa ka ji me ke wurin shekara talatin da suka wuce. A tsofaffin biranenmu, Kano da ire-irenta, kududdufai da yawa da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini an cike su da shara da ɓaraguzai, an yanka filaye an sayar. Ciko irin wannan ba a san ranar da zai gama zama ba, don leda da tsumma da toka ba sa matsuwa, abin da ke ruɓewa kuma yana barin rami. Dubi bangayen maƙwabta, ka leƙa rijiyarsu ka ga inda ruwa ke kaiwa da damina. Sannan ka sa a tona ramin gwaji, mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a fiye da wuri ɗaya, ka karanta ƙasar hawa-hawa, ka bar shi ya kwana ka ga ko ruwa zai tsattsafo. Kada ka bar lebura ya shiga rami mai zurfi a ƙasa mai zubewa ba tare da an tokare gefensa ba. Jiƙa ƙasar ka murza a tafin hannu. In ta yi siririn zare mai danƙo ba ta karye ba, laka ta yi yawa.

Wannan ya isa ga ƙaramin gida a wurin da aka sani. Amma bene, ko makaranta, ko masallaci, ko duk filin da ka yi shakkarsa, sai an kira masu gwajin ƙasa. Sukan huda ƙasa, su riƙa sakin guduma mai kilo 63.5 daga tsayin santimita 76 a kan bututu, suna ƙirga bugu nawa zai nutsar da shi santimita 30, su kuma ɗebi samfur su kai ɗakin gwaji. Da wannan sakamakon ne injiniya mai rajista da hukumar COREN zai zaɓi irin fandishon: mai bin layin bango, ko tafi a ƙarƙashin kowace fila, ko shimfiɗa guda ta kankare da ta mamaye gindin ginin duka, ko kuwa turaku da ake kafawa su ratsa taushi su kai ga tauri, irin waɗanda ake yawan yi a Legas. Zaɓin ba na gwaninta ba ne ko na burga. Kaya da ƙasa ke yanke shi.

A nan ne za a gwada ka, ɗana. Mai gida zai biya kuɗin tayil da fenti da ƙofar ƙarfe ransa fari, amma ka ambaci gwajin ƙasa sai ya ga kamar cutarsa za ka yi, saboda abin da aka binne ba ya burge baƙo. Kada ka yi fushi da shi, bai sani ba ne. Ka yi masa bayani da harshe mai daɗi cewa kuɗin gwajin ɗan kaɗan ne a cikin kuɗin ginin, kuma rufi da taga ana sakewa, fandisho kuwa in ya ɓaci gyaransa yakan fi yin sa tsada. Da yawa za su ji. In ya ƙi, ya ce a rage faɗi ko a cire rodi, kana da ikon ka ce a nemi wani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na san wuyar barin aiki ga matashin da ke neman na abinci, ba kuma da wasa nake faɗin wannan ba. Amma yaran da za su kwana a ɗakin nan ba su halarci cinikin ba, kai ne wakilinsu a wurin. Ke ma 'yata, in aka raina maganarki a wurin aiki, ki riƙe lissafinki, ki rubuta shawararki a takarda, ki sa hannu da kwanan wata.

Bayan an tare ma aikin bai ƙare ba, domin ruwa na iya mai da ƙasa mai kyau ta banza. Indararo da ke zuba a gindin bango, famfo mai yoyo a ƙarƙashin daɓe, lambatu da ya toshe, duk suna jiƙa gefe ɗaya su bar ɗayan a bushe. Shadda ko sokawe ko rijiya kada a haƙa su manne da gini, a ba da tazarar da aƙalla ta kai zurfin ramin. Darbejiya inuwarta da daɗi, amma a ƙasa mai laka saiwarta tana zuƙe danshi ta gefe guda, sai a nisanta ta da bango. Ka gaya wa mai gida waɗannan ranar da kake miƙa masa makulli.

A ranar 24 ga Afrilu, 2013, ginin Rana Plaza mai hawa takwas a Savar, kusa da Dhaka ta Bangaladesh, ya rufta, mutum 1,134 suka rasu. Bincike ya nuna wani ɓangaren filin tafki ne da aka cike, an ƙara hawa na sama ba da izini ba, kayan aikin ba su da inganci, kuma ginin da aka tsara don shaguna da ofisoshi an cika shi da masana'antun ɗinki da manyan janareto. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake baƙo a garuruwanmu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kwana ɗaya kafin nan an ga tsaga a ginin. Banki da shagunan ƙasa suka rufe, masu ɗinki kuwa aka ce su koma bakin aiki.

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya kamar gashi a kan filasta yawanci bushewa ce. Wadda za ka tsaya a kanta ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, mai faɗi a gefe ɗaya, wadda ta ratsa bulo ta fito ta baya, musamman in ƙofofi sun fara cijewa ko daɓe ya rabu da bango. In ka ga irinta, ɗana, kada ka yarda a ba ka siminti ka shafe. Ja layi da fensir a ƙarshenta, auna faɗinta, rubuta kwanan wata, ka dawo ka duba. Idan tana ƙaruwa, a kira injiniya. Idan kuwa a jikin fila ko bim take, ko kankare ya fara ɓarewa rodi ya bayyana a lanƙwashe, ka fara fitar da mutane daga ginin tukuna, sannan a yi maganar gyara.